Matasa da Hanyar Gicciye: littafin aikin Azumin 2025

Asabar, 22 ga Fabrairu

Fada, limamin majami'armu ta Katolika, ya amince. Daga Juma'ar farko ta Azumin da ke gaban Ista har Babbar Juma'a, ranar tunawa da mutuwar Yesu, matasa ne za su ja Hanyar Gicciye a majami'armu, wato addu'ar da ake bin tafiyar Yesu da gicciye zango zango, ana tsayawa gaban hotunan da ke bango, ni kuma aka ɗora wa nauyin shirya su. Laraba ta Toka, ranar fara Azumi, za ta kama 5 ga Maris, Ista kuma 20 ga Afrilu. Juma'a bakwai ke nan a gabanmu.

Abin da ya sa na nemi wannan aiki ya daɗe yana ci mini rai. Kowace shekara iyaye mata ne ke cika gaba, dattawa na biye da su, matasa kuwa 'yan tsiraru can bakin ƙofa. In an durƙusa su durƙusa, in an tashi su tashi, amma ka tambayi ɗayansu zango na nawa ake ciki, sai ya sunkuyar da kai. Makon jiya na zaunar da 'yan ajin Tabbatarwa, wato matasan da ake shirya wa ibadar tabbatar da bangaskiya, na tambaye su dalili. Wani ya ce da sauri ake karatun, ba a ji. Wani ya ce kullum abu ɗaya ne. Amsar da ta tsaya mini ita ce ta wata yarinya da ba ta cika magana ba: "Malam, ai ba wanda ya taɓa cewa mu matso gaba."

A kan maganarta zan gina aikin. Zanguna goma sha huɗu suna nan yadda muka gada, amsoshi suna nan, waƙar baƙin cikin Uwargida Maryamu da ake rerawa tsakanin zango da zango tana nan. Abin da zai sauya shi ne hannun da ke riƙe da gicciye da bakin da ke karatu.

Lahadi, 2 ga Maris

Taron farko. Sun zo fiye da yadda na zata, ko da yake wasu iyayensu ne suka turo su.

Na fara da taswirar tsohon birnin Urushalima. Da yawansu ba su san cewa hanyar da muke bi a bangon majami'a titi ce ta gaske ba, mai tsawon kusan mita 600, cewa zanguna tara suna kan titin, biyar na ƙarshe kuma suna cikin Majami'ar Kabari Mai Tsarki, kuma har gobe 'yan ƙungiyar Faransiskan, mabiyan Waliyyi Francis na Assisi, suna jan masu ziyara a kanta ranar Juma'a. Da na nuna musu hoton titin, ƙunci gare shi, ga masu shaguna gefe da gefe, sai ɗakin ya yi tsit. Gani ya kori ji.

Na ba su tarihin a taƙaice. A 1342 aka danƙa wa Faransiskan kula da wurare masu tsarki. Ba kowa ke da halin zuwa Urushalima ba, shi ya sa aka fara kafa zangunan a wasu ƙasashe domin talaka da marar lafiya su ma su yi ziyarar daga inda suke. A 1686 Paparoma Innocent na 11 ya ba Faransiskan izinin kafa su a majami'unsu, a 1731 kuma Paparoma Clement na 12 ya tsayar da adadinsu a kan goma sha huɗu, domin kafin nan kowane wuri da nasa lissafin. Na ambaci Waliyyi Leonard na Port Maurice, wanda ya kafa Hanyar Gicciye a wurare fiye da 500 a Italiya, har da cikin Kolosiyam na Roma a 1750. Shekarun ba su dame su ba. Abin da ya kama su shi ne cewa tun asali addu'a ce ta tafiya da ƙafa.

An raba aiki: masu karatu, mai ɗaukar gicciye, masu kyandir biyu, 'yan waƙa. Kowace Juma'a sababbin hannu, kada wasu su mallake.

Muna zagaya bango sai wani yaro ya lura ƙananan gicciyen katako da ke saman hoto na 5 da na 11 babu su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a ƙa'idar Ikilisiya gicciye goma sha huɗun nan su ne ainihin zangunan, hotunan ƙari ne don taimakon ido. Na kai wa kafinta awo. Da su da babban gicciyen ɗauka, katako kaɗai zai cinye fiye da rabin abin da kwamitin majami'a ya ware mana. Sauran ya tafi ga buga 'yan littattafan addu'a da kyandir.

Laraba, 5 ga Maris

Toka. Fada ya sa wa sababbin gicciye biyun albarka, aka kafa su. An sanar da shirin Juma'a.

Juma'a, 7 ga Maris

Ba ta yi daɗi ba, kuma zan rubuta komai don kada a manta.

Na farko, littattafan. A wurin bugawa an juya shafin zango na 7 da na 9, ba a kuma kawo su ba sai da yamma ana dab da farawa. Mai karatu yana cewa faɗuwa ta uku, muna tsaye gaban hoton faɗuwa ta biyu. Dattawa da suka haddace addu'ar suka ci gaba da tasu da ka, yara suka bi takarda, murya ta rabu biyu.

Na biyu, gicciyen. Kafinta ya yi aiki mai kyau amma ya yi nauyi ƙwarai. Yaron da ya ɗauka ya daure har zango na 6, daga nan hannunsa ya fara rawa, dole wani ya karɓa a tsakiyar karatu.

Na uku, kuma shi ya fi damuna, gaggawa. Tsoron jama'a ya sa masu karatu suka yi ta zuba kamar ana korarsu. Mai ja ya ce "Muna yi maka sujada, ya Almasihu, muna yabonka," kafin jama'a su gama "Domin ta wurin gicciyenka mai tsarki ka fanshi duniya" an riga an shiga karatu. Tsofaffi masu ciwon gwiwa ba su gama durƙusawa ba an tashi. Abin da suka zargi manya da shi, shi suka yi, har suka zarce.

Da aka tashi wata dattijuwa ta kira ni gefe. Ba faɗa ta yi ba. Ta ce, "Ɗana, yaran nan suna da murya, amma ka koya musu su jira mu." Na yi mata alkawari.

Masu bugawa sun yarda za su gyara shafin ba tare da ƙarin kuɗi ba. Gicciyen zai koma wurin kafinta a rage masa kauri.

Talata, 11 ga Maris

Gwajin karatu muka zo yi, amma ba shi ya cinye yammar ba.

Wani yaro ɗan shekara goma sha shida, wanda aka ba zango na 6, ya zo da Littafi Mai Tsarki a hannu da fuska a ɗaure. Ya ce ya bincika Matiyu, Markus, Luka da Yohanna, bai ga Veronika, matar da aka ce ta share wa Yesu fuska, ba, bai ga inda Yesu ya faɗi ko sau ɗaya ba. Ya ce, "Malam, to daga ina aka samo su? Abokaina suna cewa ƙirƙira muke yi."

Na ji daɗin tambayar har cikin raina, domin wanda bai damu ba ba zai buɗe Linjila huɗu yana nema ba. Na gaya masa gaskiya ya gani. Zanguna biyar ba a ba da labarinsu a Linjila ba: faɗuwa uku, haɗuwa da mahaifiyarsa a kan hanya, da matar da ta share masa fuska. Daga tunanin masu bi da ibadarsu ta ƙarnoni suka fito, Ikilisiya kuwa ba ta taɓa cewa ayoyi ne ba. Sauran suna rubuce. Na sa suka buɗe da kansu: Saminu Bakurane a Markus 15:21, inda har aka faɗi sunayen 'ya'yansa biyu, matan Urushalima a Luka 23:27 zuwa 31, rabon tufafinsa a Yohanna 19:23 da 24. Sannan na tambaye su, mutumin da aka yi wa bulala, ya kwana ba barci, aka ɗora masa gungume, me ya sa sojoji suka tilasta wa wani baƙo ya ɗaukar masa? Wata ta ce saboda ƙarfinsa ya ƙare. To wanda ƙarfinsa ya ƙare yakan faɗi. Uwar da Yohanna 19:25 ya nuna tana tsaye gindin gicciye kuwa, ta wata hanya ta bi ta isa can.

Na kuma gaya musu cewa a Babbar Juma'a ta 1991 Paparoma John Paul na 2 ya yi amfani da wani tsari wanda dukan zangunansa goma sha huɗu daga Linjila suke, yana farawa daga lambun Getsamani. Wasu suka ce mu koma wannan kawai. Ban goyi baya ba. Hotunan bangonmu na tsohon tsari ne, jama'a da shi suka saba, kuma ba na so yaro ya tashi da tunanin cewa duk abin da aka yi masa tambaya a kai sai a jefar. Abin da muka tsayar: kowane zango zai fara da aya. Faɗuwa uku za su ɗauki Ishaya 53 da Zabura 22. Haɗuwa da Maryamu, Luka 2:35, takobin da Saminu tsoho ya ce zai soki zuciyarta. Veronika, Zabura 27:8, neman fuskar Ubangiji.

Yaron ya ce zango na 6 ɗin yake so ya riƙe. An bar masa.

Juma'a, 14 ga Maris

Littattafai sun dawo daidai, gicciye ya yi sauƙi. Mun shigar da shiru na minti ɗaya bayan kowane karatu, mai kyandir na dama ne ke lura da lokaci, in ya cika ya ɗaga kai a ci gaba. A zangunan farko ana ta tari da motsi. Daga na 8 jiki ya kwanta.

Litinin, 17 ga Maris

Na ba su aikin gida: kowa ya rubuta layi uku a kan zangonsa, yana magana da Yesu kai tsaye, a kan abin da ya sani a rayuwarsa. Ba wa'azi, ba kwafo daga intanet.

Labari ya kai kunnen dattawan kwamiti kafin takardun su dawo. Ɗaya daga cikinsu, mutumin da ya ja wannan addu'a shekaru da yawa, ya ce bai yarda ba. Tunanin da ke cikin tsohon littafi na Waliyyi Alphonsus Liguori ne, tun ƙarni na 18, da shi aka raine su, da shi suka yi wa iyayensu addu'a, yaro ɗan sakandare ba zai maye gurbinsa ba. Na ce, "Baba, gaskiyarka, ba mai maye gurbinsa." Ni ma ba zan so a cire shi ba. Akwai nauyin tuba a cikin waɗannan kalmomi da yaranmu suke bukatar ji, ko da yau ba su gane duka ba.

Fada ya raba gardama. Aya, sannan tsohuwar addu'a yadda take, sannan layi uku na matashi, sannan shiru. Kuma duk abin da aka rubuta sai ya bi ta hannunsa tukuna.

Alhamis, 20 ga Maris

Takardu sun dawo. Kusan rabi maimaicin abin da suka saba ji ne, "ka ba mu ƙarfi, ka ba mu haƙuri," an mayar musu su sake. Amma akwai waɗanda na karanta na ajiye takardar na yi shiru.

A faɗuwa ta uku wani ya rubuta cewa zunubin da ya furta a gaban Fada shi ne ya sake komawa gare shi, har kunya ta hana shi dawowa, yana tambayar Yesu ko shi ma a karo na uku ya ji kamar kada ya tashi. A zango na 10, inda aka tuɓe wa Yesu tufafi, wata ta rubuta a kan 'yar ajinsu da aka yaɗa hotonta a waya don a kunyata ta. Ta ce ita ba ta tura wa kowa ba, amma ta kalla, kuma ba ta ce komai ba. Fada ya cire duk abin da zai sa a gane wadda ake nufi, ya bar sauran.

Mun yanke cewa ba wanda zai karanta nasa. Za a cakuɗa, ba suna. Wannan ya ba masu jin kunya damar faɗin gaskiya.

Juma'a, 21 ga Maris

An kai kusan minti hamsin, ba wanda ya fita. Dattijon nan ya tsaya har ƙarshe. Bai ce komai a kan rubutun yara ba, sai dai ya nuna wa mai ɗaukar gicciye yadda ake juya shi ya fuskanci jama'a a zango na 12.

Lahadi, 23 ga Maris

Yau aka sallami Paparoma Francis daga asibitin Gemelli, inda yake kwance tun 14 ga Fabrairu. Tun farkon Azumi muke rufe Hanyar Gicciye da addu'a dominsa. Na yi amfani da wannan na bayyana musu abin da Ikilisiya ta tanada wa mai bin hanyar da zuciya ɗaya, wato yafe horon da ke saura bayan an gafarta zunubi, da sharuɗɗansa: furta zunubi, karɓar Jibin Ubangiji, addu'a saboda nufin Paparoma, da rabuwa da son zunubi. An kuma so a riƙa tafiya daga zango zuwa zango, sai dai in taro ya yi yawa, mai ja ya tafi a madadin kowa.

Juma'a, 28 ga Maris

Koma baya. Jarrabawa ta kama da yawansu, masu karatu uku ba su zo ba kuma ba su aiko ba. Yarinya ɗaya ta karanta zanguna biyar a jere har muryarta ta dishe. Daga yanzu kowane zango mutum biyu ne, in ɗaya ba zai samu zuwa ba ya sanar da ɗan'uwansa tun ranar Alhamis.

Laraba, 2 ga Afrilu

Tun makon jiya suke roƙo a bar su su yi wasan kwaikwayon shan wuyar Yesu ranar Babbar Juma'a, da sojoji da bulala da jan fenti. Fada ya ce a gwada a gani. Yau aka gwada a harabar majami'a.

Da farko lafiya. Da aka zo wurin duka, masu yin sojoji suka fara gasar wanda zai fi tsawa. 'Yan kallo suka fashe da dariya, wayoyi suka tashi sama. Igiyar da aka ce a riƙa bugawa a ƙasa ta sami wanda ke matsayin Yesu a wuya, wurin ya tashi ja. Shi ma don kada a ce ya ji zafi sai ya yi dariya. Na tsayar da gwajin.

Na zaunar da su a ƙasa na tambaye su, a cikin wannan rabin sa'a, wa ya yi addu'a? Ba wanda ya ɗaga hannu. Na san akwai wuraren da ake yin irin wannan wasa cikin natsuwa har mutane su tuba, ba na kushe shi. Amma yana bukatar watanni na shiri, mu kuwa mako biyu ya rage. Kuma abin da muka sha wuya muka samu tun 14 ga Maris, wato yaro ya tsaya gaban gicciye ya yi shiru bai ji kunya ba, wasan zai mayar da su 'yan kallo kamar dā, sai dai wannan karon da waya a hannu.

Shawarar da Fada ya amince da ita: za a fita waje a bi zangunan da ƙafa, ba kwaikwayo, ba fenti. Gicciye zai riƙa sauya kafaɗa a kowane zango, mutum huɗu huɗu. Mutum ɗaya tak zai ɗauki hoto, daga baya.

Ransu ya ɓaci. Biyu daga cikin waɗanda suka fi ƙwazo sun tafi ba sallama. Wannan ya yi mini ciwo, domin su ne suka ɗinka kayan sojojin da kuɗin aljihunsu. Zan nemi kwamiti ya mayar musu.

Juma'a, 4 ga Afrilu

An yi lafiya. Biyun nan ba su zo ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Yammar furta zunubi ta matasa, Fada ya gayyato wani Fada ya taya shi. Layi ya yi tsawo har aka ƙara lokaci. Ɗaya daga cikin biyun ya zo, ya karɓi kuɗin ɗinkinsa, ya kuma tambaya ko akwai sauran wuri a masu ɗaukar gicciye. Akwai. Na je gidan ɗayan ban same shi ba, na bar saƙo wurin mahaifiyarsa.

Kuɗi ya ƙare. Kyandir na makon ƙarshe iyaye mata ne suka saya.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Gwajin waje. Iska ta yi ta kashe kyandir, za a nemo masu gilashi. Na baya ba sa jin karatu, don haka mai karatu zai hau ɗan benci a kowane zango, yara biyu su riƙa ɗaukar bencin suna gaba. An tanadi kujeru a zango na 4, na 8 da na 12 saboda tsofaffi.

Babbar Juma'a, 18 ga Afrilu

Mun fara da hantsi domin a gama a huta kafin sujadar ƙarfe uku.

Taro ya fi na kowace Juma'a. Gicciye ya bi kafaɗu kamar yadda aka tsara, sai a zango na 5, na Saminu Bakurane, inda wani abu ya faru da ba ya cikin takarda. Yaran da ke riƙe da shi suka juya suka miƙa wa dattijon kwamiti gefe ɗaya. Ya tsaya jim kaɗan, ya ba wani sandarsa, ya sa kafaɗa har zango na 6. Daga baya na ji cewa su suka ƙulla haka tun daren jiya.

A zango na 12 kowa ya durƙusa a ƙasa, shirun ya wuce minti ɗaya nesa, mai kyandir bai ɗaga kai ba, ban kuma yi masa alama ba. Matsala ɗaya: 'yan waƙa sun ɗauki murya sama da yawa tun farko, zuwa zango na 11 sun gaji, jama'a ne suka riƙe waƙar.

Da dare wasunmu suka taru muka kalli ta Kolosiyam, wadda Paparoma Paul na 6 ya farfaɗo da ita a 1964. Bana Paparoma Francis ne ya rubuta tunanin zangunan, amma jiki bai bar shi ya halarta ba, Kadinal Baldassare Reina ne ya jagoranta. Yaran suna ta faɗin zangon da za a shiga kafin a sanar.

Laraba, 23 ga Afrilu

Taron duba aiki. Mun buɗe da addu'a domin Paparoma Francis, wanda ya rasu shekaranjiya Litinin, washegarin Ista. Allah ya ba shi hutawa ta har abada.

Lissafi: mun wuce abin da aka ware da kaɗan, gibin kuɗin ɗinki ne da gilasan kyandir, kwamiti ya cike. An tattara littattafai an ɗaure, kaɗan ne suka ɓace. Gicciye yana ɗakin ajiya a jingine, ba a ƙasa ba, saboda danshi. Rubuce-rubucen zanguna suna hannun Fada, ba za a sake karanta su baɗi ba, sababbi za a rubuta.

Yaron da ya yi fushi bai dawo ba tukuna. Abokinsa ya ɗauki nauyin zuwa wurinsa ranar Asabar.

Abin da ke gaba: sun nemi a ba su Rosari, addu'ar da ake ja da carbi goma goma, na yammacin Asabar a watan Mayu, da tsari iri ɗaya, aya da shiru kafin kowane goma. Zan kai wa Fada maganar gobe. Azumin 2026 zai fara 18 ga Fabrairu, don haka gwajin karatu zai soma tun Janairu, a kuma kai littattafai wurin bugawa da wuri a duba shafi shafi. An zaɓi mutum huɗu daga cikinsu, mata biyu maza biyu, su koya wa 'yan ajin Tabbatarwa na baɗi, dattijon kwamiti kuma ya yarda zai riƙa zama da su a gwaji.